Wata uku ina koyon haɗa kiɗa a Garwa: abin da kuɗina suka saya

Ranar farko da na shiga ɗakin, ban ma ajiye jakata ba malaminmu, wanda muke kira Maigida, ya yagi baƙin salatif ya manne wani ƙaramin maɓalli a jikin na'urar haɗa kiɗa. Ya zaɓi waƙoƙi biyu a kwamfuta, sannan ya juya fuskarta ta kalli bango. Ya miƙo mini kask, wato abin sauraron da ake kifawa a kunne, ya ce: “Ƙanena, wannan maɓalli da wannan allo ba naka ba ne sai bayan wata biyu. Kunne ka kawo, da shi za mu yi aiki.”

Na biya shi sefa dubu 60 don karatun wata uku, daga Nuwamban 2023 zuwa ƙarshen Janairun 2024, sau uku a mako bayan la'asar. Tun da na gama, samari da yawa sun tare ni a rumfata ta gyaran waya da tura waƙoƙi a babbar kasuwa suna tambaya ko abin ya ci kuɗinsa, ko gara mutum ya zauna da YouTube ya koya a kyauta. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina riƙe da sukudireba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan faɗi sunan malamin ba, domin zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi inda ya gaza. Mutumin nan Garwa ne, a arewacin Kamaru, ya yi shekaru yana aikin DJ a Duwala kafin ya dawo gida.

Maɓallin da ya rufe shi ake kira sink. In ka danna shi, kwamfuta ce za ta daidaita maka gudun waƙoƙi biyu, ta jera bugunsu wuri ɗaya. Na'urar da muka koya a kai Pioneer DDJ-FLX4 ce, wadda ta fito a ƙarshen 2022, mai hannu biyu, tana aiki da manhajar rekordbox. Kowane hannu yana da faifai da ake taɓawa da yatsa, da sandar da ake ja sama ko ƙasa don rage gudun waƙa ko ƙara shi. Abin da na fi so a jikinta shi ne daga kwamfuta take shan wuta ta igiyar USB. A garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa ana ɗauke wuta, manyan sifikoki su yi shiru, fanka ta tsaya, amma mu ci gaba da aiki a kask har batir ya ce ya gaji. Maigida yana da wani tsohon zane da yake lulluɓe ta da shi da zarar an tashi, saboda ƙurar hunturu in ta shiga cikin sandunan nan sai sun fara ƙara.

Ainihin karatun, wanda ya ci mana mako shida cur, abu ɗaya ne: ka sa waƙoƙi biyu su taka ƙafa tare. Waƙa ta farko tana fita a sifika, jama'a suna ji. Ta biyu tana kunnenka ɗaya, kai kaɗai kake jin ta. Sai ka nemo bugun farko na babbar gangarta, ka tsayar da ita a nan, ka jira ta farko ta zagayo kan nata bugun farkon, ka sake ta. Daga nan kunne ne zai gaya maka wace ta tsere wa wace. In ta kunnenka ta yi gaba, ka ɗan shafi gefen faifai baya, ka rage sandar gudu kaɗan. In ta yi baya, ka tura ta, ka ƙara. Haka za ka yi ta yi, gyaran yana ƙanƙancewa, har gangunan biyu su zama ɗaya.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Makonni biyu na farko abin da nake ji kawai hayaniya ce, kamar dawaki sun taso a guje ranar hawan Lamiɗo. Na san ba su daidaita ba, amma in ce ga wadda ke gaba, wallahi ba na iyawa. Maigida bai taɓa gaya mini amsa ba. Sai ya tsaya a bayana ya ce, “Taɓa ka ji. In ta ƙara lalacewa, ka san ɗaya gefen ne.” Ran nan ya kawo mana lissafi a takarda: waƙa mai bugu 124 a minti da mai 126, bambancinsu bugu biyu ne kacal, to cikin daƙiƙa 30 ɗaya za ta tsere wa ɗaya da bugu guda. Ya ce in ka sake su tare suka rabu nan da nan, gudunsu ya yi nisa, ja sanda da yawa. In sun daɗe kafin su rabu, ka kusa, taɓa ta kamar kana tsoron ta farka. Wannan bayani ya buɗe mini kai fiye da duk bidiyon da na kalla a shekara guda.

Ba zan manta da ranar da abin ya faɗa mini ba. Laraba ce, a mako na huɗu, wuta ta tafi, ɗakin ya yi duhu-duhu, sauran ɗalibai sun fita shan iska. Na saki waƙa ta biyu, na ji “taf-taf” ɗin nan na ganguna biyu da suka kusa haɗuwa. Na shafi faifai sau ɗaya, tazarar ta matse. Na rage sanda kamar faɗin farce. Sai ƙarar ta zama ɗaya, mai kauri, har na ɗauka ɗaya waƙar ce ta tsaya. Na cire hannuna duka biyu na riƙe su a baya, ina ƙirgawa a zuci. Suka tafi tare fiye da minti ɗaya. Maigida ya karɓi kask ɗin ya saurara, ya mayar mini, ya ce, “Madalla. Yanzu sake yi sau goma.” Na yi ta tafiya a ƙafa har gida ranar, ban tsayar da mai babur ba, don zuciyata ba za ta iya zama ba.

Shi malamin ba mai barin tarihi ba ne, kuma na gode masa a kan haka. Daga bakinsa na fara jin cewa wani DJ mai suna Francis Grasso ne ake danganta wa wannan fasaha, a Niyok, a ƙarshen shekarun 1960, da faya-fayan garmaho. Ya ce injin faifan Technics SL-1200 MK2 na 1979, mai sandar da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, shi ya zama abin aikin DJ na duniya shekara da shekaru. Kiɗan hawus, wani kiɗan rawa da inji ke bugawa, a Shikago aka haife shi a shekarun 1980, a hannun irin su Frankie Knuckles, tekno kuma a Ditiroit, kuma baƙaƙen fatar Amurka ne suka kafa su duka biyun. Ni da nake ɗauka kiɗan Turawa ne zalla, sai na ji abin ya matso kusa da ni.

Wata na biyu muka shiga ƙirga. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ce, gaɓa takwas kuma, wato bugu 32, jimla ɗaya. A kiɗan hawus kusan duk wani sauyi, shigowar murya ko ficewar ganga, a kan goshin jimla yake faɗowa. A gudun 120 a minti, jimla daƙiƙa 16 ce daidai. In ka shigo da sabuwar waƙa a tsakiyar jimla, ko da gangunan sun haɗu sarai, masu rawa za su ji wani abu ya karkace ba su san mene ne ba. Sannan aka zo kan maɓallan murɗawa uku na kowane hannu: na sama, na tsakiya, da na ƙasa mai riƙe da bes, wato sautin nan mai kauri. Dokar Maigida ita ce bes biyu ba sa zama a ɗaki ɗaya. Ka shigo da sabuwa an kashe mata ƙasa, in jimla ta cika ka murɗe na tsohuwa ka buɗe na sabuwa a lokaci guda. Kowace Asabar yakan sa mu naɗi aikinmu na minti 20 mu saurara tare. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai a naɗin nan kake jin wuraren da ka ɗauka ka yi gwaninta ashe ganguna suna ta faɗa.

To, ga inda raina bai yi daɗi ba. Mu biyar ne a kan na'ura ɗaya. Darasin awa biyu ne, ka raba biyar, kowa bai kai minti 25 da hannu a kan faifai ba. Ba a gaya mana haka ba ranar biyan kuɗi. Sau huɗu kuma na rufe rumfata na zo na tarar da ƙofa a kulle, ya tafi aikin biki a Marwa ko Gidar bai aiko da saƙo ba. Biyu daga ciki ya rama, biyu sun bi ruwa. Na yi masa magana da ladabi, na ce, “Maigida, rabin yini nake asara duk ranar da na zo.” Ya ba ni haƙuri, amma haƙuri bai mayar da darasi ba.

Babban giɓin ma ba a nan yake ba. Dukkan karatun a kan hawus da tekno aka gina shi, da ɗan amapiano a ƙarshe. Na fahimci dalili: gangarsu tana faɗowa a kan kowane bugu, inji ne ya buga ta, ba ta gaba ba ta baya, don haka sun fi daɗin koyo. Amma wa zai ɗauke ni aiki a Garwa in saka tekno? Aikin da ke akwai biki ne da suna da walimar kammala makaranta. Can kuwa waƙoƙin finafinan Hausa ake so, da na Fulfulde, da makosa, da kupe-dekale na mutanen Kodebuwa, da bikutsi in akwai baƙi daga kudu. Bikutsi tafiyarsa uku-uku ce, ba ya shiga ƙirgan huɗu-huɗun da muka sha. Ba a ba mu ko darasi ɗaya a kan wannan ba. Haka riƙe makirufo: yadda za ka kira dangin ango fili, ka yi wa uwar amarya kirari, ka san lokacin da za ka sauke kiɗa don kiran sallah ya kusa. Rabin aikin DJ ke nan a wurinmu, kuma a bakin ƙofar wasu bukukuwa na tsaya na koye shi da ido.

Duk da haka, salatif ɗin nan shi ya fitar da ni kunya. Bayan ƙaramar sallah, cikin zafin Afrilu, aka yi bikin 'yar kawuna, Inna ta ce ni zan yi kiɗan ranar kamu. Baba bai so ba tun farko. A ganinsa wannan hanya ce ta roƙo da kwana a mashaya, kuma ban ga laifinsa ba, don ya ga waɗanda ta kai can. Na yi masa alkawarin bukukuwan gida kawai zan yi, ya ce Allah ya tsare. Na ari na'ura, na yi hayar sifikoki biyu da janareta. Sai da na sayi igiya ta musamman, domin mafitar sautin na'urar irin ta ja da fari ce, ramin sifikokin haya kuma daban. Duk mai shirin fita aiki ya duba wannan tun da rana.

Fili ya yi zafi, 'yan mata suna ta rawa da wata waƙar fim, sai Gwaggo ta ratso ta dafa teburina ta ce, “Ɗana, ka sa mana na kalangu, mu ma mu taka.” Tsohon naɗi ne da na tura daga kaset, hannun mutum ne ya buga shi, gudunsa yana hawa yana sauka yadda makaɗin ya ji a jikinsa. Na duba allo, lambar da kwamfuta ta ba shi ba ta da alaƙa da abin da kunnena ke ji. Da sink na dogara da shi, da na watsa filin. Na kifa kask a kunne ɗaya, na bar allon, na nemo inda takun kalangun yake zama a kan takun waƙar da ke ci. Ba za su yi doguwar tafiya tare ba, na sani, don haka na riƙe su gaɓa huɗu kawai, yatsana a gefen faifai ina turawa ina ja, na janye bes na ta farko, na sauke ta. Ƙafafun da ke fili ba su tsaya ba. Manyan mata suka miƙe suna gyara mayafi, guɗa ta tashi, Gwaggo ta dawo ta liƙa mini jaka ɗaya a goshi. Baba yana zaure bai shigo ba, amma da dare ya aiko ƙanena ya tambaye ni ko an sallami mai janareta.

Ga wanda ke tambayata ko ya je: in kana da kwamfuta da na'urar da za ka riƙa maimaitawa a gida, ko ta aro ce, je ka, kuɗinka ba za su faɗi ba. Abin da malami yake yi maka wanda bidiyo ba ya yi shi ne ya hana ka kallon allo, ya kuma ji kuskurenka a lokacin da kake yin sa. In ba ka da wurin maimaitawa, minti 25 sau uku a mako ba za su kai ka ko'ina ba, gara ka fara tara kuɗin na'ura. Kafin ka biya, tambayi adadin ɗalibai, ku kuma yi magana a kan ranakun da zai yi tafiya. Ka ɗauki waƙoƙin da ake rawa da su a unguwarku a filas ka kai masa tun makon farko, ka roƙe shi ya koya maka da su.

Na faɗa wa Maigida wannan duka ido da ido kafin in rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo masa tsofaffin naɗin kalangu da na algaita da nake da su a rumfa, yana so ya gwada su da sababbin ɗalibansa. Na tura masa guda 40 ranar Juma'ar da ta wuce.