Labarin da ya fara da haɗa kaya

Wata uku na yi ina bin wani labarin soyayya na zane a wayata, irin wanda ake jan sa da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Salon daga Koriya ta Kudu ya taso, inda kamfanin Naver ya buɗe dandalin Webtoon a 2004, na Turanci ya biyo baya a 2014. Jiya da dare na kai ƙarshensa.

Abin da ya fara riƙe ni shi ne ba soyayyar 'yan makaranta ba ce. Mata da miji ne, shekararsu goma sha ɗaya da aure, ga bashi, ga gajiya, ga shirun da ya fi faɗa ciwo. Babin farko ya buɗe da matar tana haɗa kayanta a akwati. Na biyu kuwa sai ga su ranar da suka fara haɗuwa, suna dariya kamar ba su ba. Haka labarin yake ta kai da komowa, kuma tunda ka riga ka san inda aka dosa, duk wata fara'arsu ta baya sai ta riƙa sosa maka rai.

Akwai wani kofi mai karyayyen hannu. A babin farko ta ɗauke shi, ta juya shi, ta mayar kan kanta. Ban kawo komai a raina ba. Sai can wajen babi na talatin aka nuna daren da suka dawo daga asibiti bayan ta yi ɓari, kofin ya suɓuce daga hannunsa, ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan, ba wanda ya ce uffan. Wallahi sai da na koma farkon na sake kallon yadda ta riƙe shi.

Mai zanen ba ta cika rubuta shekara ba. Idan an waiwaya baya sai gefen hotunan ya koma baƙi, dabarar da aka daɗe ana amfani da ita a manga, wato labaran zane na Japan, sannan tsawon gashin matar yana gaya maka zamanin da kake.

Inda ta ba ni haushi shi ne tsakiya. Ta haɗa zamani uku a babi ɗaya, mijin kuma fuskarsa ɗaya tun yana saurayi har ya manyanta, ko furfura ba ta yi masa ba. Ga shi babi ɗaya ake saki a mako, kafin na gaba ya zo na manta wace shekara aka tsaya. Sau biyu ina ajiye shi.

Wanda zai karanta ya bari babi ya taru, ya zauna masa a kwana biyu ko uku. Ni ma zan sake daga farko, don har yanzu ban gano lokacin da mijin ya daina sa zobensa ba.