Shekara uku da sola a gidanmu

A ƙarshen 2022 maigidana ya ɗauko mana sola, ana biya wata-wata: faranti biyu, batir, ƙwan fitila huɗu, fanka da ƙaramar talabijin. Ƙauyenmu yana bayan Dutse, ko turken wuta ɗaya bai iso ba, don haka kafin nan tocila da ɗan janareta ne gatanmu.

Watannin farko murna ce zalla. Yara suna bitar karatu bayan isha'i, maƙwabta suna kawo waya caji. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, janaretan ya koma lungu, har yau yana can kaji na kwana a kansa.

Sai dai in faɗi gaskiya, fanka da talabijin jin daɗi ne kawai, ba su shigo da ko sisi ba. Abin da ya taɓa aljihunmu shi ne firiza mai aiki da batir kai tsaye, wadda na saya da kuɗin adashi bayan shekara guda, muka ƙara faranti saboda ita. Azumin 2024 ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu. Tun la'asar ake layi a zaure ana neman ƙanƙara, zoɓo da kunun aya. Daga nan nake cire biyan wata, har na sayi tunkiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne batir. Ranar saye ba wanda ya ce mana yana tsufa. Farantai kam suna nan lafiya lau, in dai ana goge su, musamman da hunturu, don ƙura tana rage musu ja sosai. Batirin ruwa kuwa, da ya haura shekara biyu ya fara gajiya, ƙarfe biyun dare fanka ta tsaya, ƙanƙara ta narke kafin asuba. Har da laifinmu, muna tsotse shi ƙarƙaf kullum, kuma a ɗaki mai zafi muka ajiye shi. Mai gyara ma sai an ɗauko shi daga birni, mu biya masa kuɗin mota.

Tunkiyar nan ce ta tafi wajen sayen sabo. Wannan karon na litiyam muka ɗauka, ya fi tsada amma ya fi jure aiki. Yanzu duk ranar kasuwa ina jefa wani abu a asusu da sunan batir.