Gargaɗi: mai tallar cajar sola ta waya ya ci mini jika 115

Jama'ar Tawa da kewaye, musamman ku masu shiga daji, 'yan kasuwar dabbobi, direbobin hanyar Abalak da Cintabaraden, da duk mai ɗan uwa a rugga: akwai wani mutum da ke tallar cajar sola a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na Yamai. Ɓarawo ne, ba ni da wani suna da zan kira shi da shi. Jika 115 ya ci mini, sefa 115,000, kuma ba duka kuɗin ne nawa ba. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Ba zan sa sunansa da lambarsa a nan ba tukuna, don na kai ƙara kuma an ce in dakata. Sunan da ya ba ni ma daban yake da wanda ya fito a takardar aika kuɗi. Amma duk wanda ya ga tallar zai gane ta: panon sola baƙi mai naɗewa gida huɗu, an rubuta 100W a jikinsa, da pawa banki mai launin baƙi da ruwan lemo, mai fitila biyu da ɗan ƙaramin pano a bayansa, an rubuta 50000mAh, wato yawan cajin da wai yake ɗauka. Yana haɗa su biyun ya ce kayan tafiya ne na Turawa masu hawan dutse, wai kwana 10 za ka yi a daji ba ka nemi kuran ba.

Sana'ata sayen dabbobi. Da damina, in makiyaya sun hau arewa cikin Azawak, mu ma bin su muke yi, kuma wanda ya san can ya san waya ita ce komai. Da ita kake jin farashin kasuwa kafin ka taya bijimi, da ita ake turo maka kuɗi, ita ce fitilarka da dare, ita ce rediyonka. Sai ka hau tudun rairayi ka ɗaga hannu sama kafin ka sami rezo, kuma wayar da ke ta laluben rezo tana shan batir fiye da wadda ke cikin gari. In ta mutu sai ka jira ranar kasuwa, ka ba mai caji dala 20, ka zauna gadinta. Saboda haka kada wani ya zo ya ce mini kayan ƙawa na je saye. Buƙata ce ta kai ni.

Kuma kada a ce kwaɗayin araha ne. Jika 32 kowane ɗaya, ina arahar take? Da ya ce jika 8 da ni ma na san akwai lauje cikin naɗi. Uku na saya: ɗaya nawa, ɗaya na kawuna da ke kiwo a arewacin Abalak, ɗaya na abokin cinikina. Jika 96, da jika 4 kuɗin mota, jika 100 cif. Sauran jika 15 ɗin zan zo kansu.

Ban aika ko dala ba sai da na ce ya kira ni ta bidiyo. Ya kira. Na ga shago da idona, kwalaye jere har sama, ya fito bakin titi ya shimfiɗa panon a rana, ya jona waya, alamar caji ta fito. Ya juya pawa bankin ya nuna mini 'yar fitila koriya tana ci, ya ce ka gani, rana tana shiga. Sai ya tambaye ni daga ina nake, na ce Tawa. Nan take harshensa ya juya, ya ce: “Haba babban yaya, mi kaka tsoro? Ni ma ɗan Adar na, uwata 'yar Keita ta. In cuce ka in tai ina?” Adaranci tsantsa, ba na koyo ba. Muna cikin magana aka kira sallar la'asar, ina jin ladan ta cikin wayarsa, ya ce yaya bari in yi salla, ciniki ba ya gaban salla, zan kira ka. Ya kashe. Bayan salla ya kira kamar yadda ya faɗa.

Wannan wurin nake ta komawa. “Bari in yi salla, zan kira ka.” Mutum ne bai matsa mini ba, bai ce kaya za su ƙare ba, shi ya katse cinikin da kansa ya tafi masallaci, ko ya ce ya tafi. Ku gaya mini tsakani da Allah, wane ne cikinku ba zai saki jiki ba? Na ga shago, na ga caji na shiga, na ji harshen gida, na ji ladan. Me kuma ya rage in bincika daga nisan kilomita sama da 500?

Ƙanena mai gyaran waya ne ya buɗe pawa bankin daga baya, a gabana, da 'yar sukurdirebarsa. Batir huɗu ne a ciki, irin dogayen nan masu kama da na tocila. Ɗaya kaɗai ke da waya a jikinsa. Sauran ukun an manne su da gam ne kawai, ba a jona su da komai ba. Ya fasa ɗaya da filaya, rairayi ya zubo a kan teburinsa. Rairayi, jama'a. An cika shi don abin ya yi nauyi a hannu. Na ɗauki bidiyon, zan sa shi ku gani. Daga Yamai aka ɗoro mini rairayi a mota, ta Doso, ta Dogon Dutse, ta Ƙonni, har Tawa, na biya jika 4 kuɗin ɗaukarsa, ni da nake kwana a kan rairayi duk damina.

Amma na tsallake. Kafin nan ai na tafi da shi daji. Kayan sun iso ranar da ya ce, kwali a naɗe da salatef, na karɓa a tasha, na jona pawa bankin a kuran na gida, 'yan fitilun alamar caji huɗu suka cika cikin lokaci kaɗan, har na ji daɗi na ce yana da saurin caji. Ashe saurin cikar don ba komai a ciki ne. Na aika wa kawu nasa ta hannun direba, na ba abokina nasa, muka kama hanya. Bayan Tabalak wayata ta yi ƙasa, na jona, ko rabi ba ta kai ba abin ya mutu. Na ce to ga rana, ai don ita aka saya. Na shimfiɗa panon a kan mota tun hantsi har la'asar, na goge ƙura, na juya shi yana kallon rana, wayar ta ƙaru da abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar akwai wanda zai turo mini kuɗin shanu biyu da na riga na taya, wayata a mace, mai shanun ya gaji da jira ya sayar wa wani a gabana. Wannan asarar ban ma sa ta cikin jika 115 ba.

Da na sami caji na kira shi raina a ɓace. Ya ɗauka, kuma wallahi ya fi ni nuna ɓacin rai. Ya yi salati, ya ce yaron shagonsa ne ya haɗa mini na banza da aka kawo musu bisa kuskure, ya ce ya kore shi ma. Ya ce in maido kayan, zai aiko mini da na ainihi, 'yan Jamus, amma su jika 37 ne, in cika jika 5 a kan kowane. Jika 15. Na sani za ku ce a nan ya kamata in tsaya. Ku sa kanku a matsayina: jika 100 na mutane suna hannunsa, yana ɗaukar waya, yana ba da haƙuri, yana ce mini yaya. Ɓarawon da aka sani ai kashe waya yake yi tun ranar farko. Wannan bai kashe ba. Na maida biyu, nawa da na abokina, na aika jika 15. Na kawu yana can rugga, shi ya sa ya tsira a hannunmu, kuma shi ne wanda aka fasa.

Tun ranar da jika 15 suka shiga, shiru. Da farko “gobe in sha Allah”, sai “motar ta lalace a Doso”, sai saƙo ya daina shiga, hotonsa ya ɓace. Ya toshe ni. Na tura wani ɗan uwana da ke Yamai da hoton shagon da na ɗauka lokacin bidiyon, ya yi ta yawo har ya gano wurin. Shagon gaskiya ne, amma na wani bawan Allah ne daban, wanda ya ce bai san shi ba, mutane da yawa kan shigo su duba kaya suna waya. Ke nan a shagon wani ya tsaya ya yi mini wasan, da ladan da komai.

Jika 100, da jika 15. Babu kaya, babu kuɗi.

Na abokina da sauƙi, ɗan kasuwa ne, na biya shi jika 32 ɗinsa daga aljihuna, ya karɓa bai ce komai ba. Na kawu ne ciwon. Tunkiya ya sayar ya ba ni kuɗin, don 'ya'yansa su riƙa samunsa in ya yi nisa da garke. Da na je na zauna gabansa ina kame-kamen bayani, sai ya ce: “Ɗana, bar shi, abin da ya wuce ya wuce. Ni dai na ɗauka hannuna ne bai iya ba.” Ashe duk tsawon lokacin nan dattijon yana shanya abin a rana kullum, yana ɗaure shi a kan jaki, yana ganin laifin kansa ne. Na kai masa kuɗinsa ya ƙi karɓa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙanen nawa ya yi mini lissafin da ya ƙara tafasa mini zuciya, don ya nuna ko ba rairayi a ciki, rubutun jikin kayan ƙarya ne tun daga masana'anta. Rana tsaka tana sauke kusan wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya, pano mai kyau kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yake iya mayarwa wuta. Ke nan pano mai wat 100 na gaskiya sai ya kai wajen mita ɗaya a tsawo, rabin mita a faɗi. Wannan da aka buɗe shi duka santimita 60 ne da 25, ko na kirki ne ba zai wuce wat 30 ba. Da ya sa masa 'yar na'urar awo ta USB da tsakar rana, volt 5 ya nuna da amfiya 0.4, wato wat 2. Wat 2 a wurin 100. Batir irin dogayen nan kuwa, mai kyau cikinsu wajen 3,500mAh yake ɗauka, nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50. Kafin a tara 50,000 sai an jera wajen 15, abin ya doshi kilo guda, ba zai shiga aljihun riga ba. Batirin waya ɗaya a yau 4,000 ne zuwa 5,000, da rubutun gaskiya ne da ya cika waya sau da yawa kafin ya mutu.

Ɗan panon bayan pawa bankin ma, wanda ya nuna mini fitilarsa koriya, wat 1 ne zuwa 1.5. Ko da batirin 50,000 ne da gaske, sai ya yi mako uku ko fiye a rana kafin ya cika. Fitilar nan koriya ko a ƙarƙashin ƙwan ɗaki ka sa ta za ta kama, ƙanena ya gwada a gabana. Kuma shi ɓarawon cewa ya yi in bar shi a gaban gilashin mota yini guda. Batirin lithium ba a son a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45, yana kumbura, yana iya kama wuta. A Tawa, inda a watan Afrilu da Mayu inuwa kanta ke wuce 40. Da ya tashi a jikin jakin kawu ko cikin bukkarsa fa? Wannan mutum ko a jikinsa.

Har yanzu ina sauraren saƙonnin muryarsa. “Mi kaka tsoro?” Ina neman inda muryar ta yi rawa, inda mai hankali zai ce a nan ƙarya ta fito, ban samu ba. Na ba mutane uku sun saurara, duka sun ce su ma da sun aika. Shekara da shekaru ina ciniki da baki kawai, ina karɓar shanun miliyoyi a hannun Fulani da Buzaye ba takarda ba shaida, ba a taɓa cewa na ci na wani ko an ci nawa ba. Sai a kan caja.

Mai son saye: kada ka aika kuɗi kafin kaya, ko da wane harshe aka yi maka magana. Ka saya inda za ka iya komawa da ƙafarka, ka je da mai gyaran waya ya auna a rana. Pano daban, pawa banki daban, panon a rana, batirin a inuwa. Shi ke nan.

Hotunan hirarmu, takardun aika kuɗi guda biyu, na jika 100 da na jika 15, da bidiyon rairayin, duk suna nan, zan sa su da zarar an ba ni izini, sai dai zan rufe sunan da ke kan takardar don mai yiwuwa shi ma katin shaidar wani aka yi amfani da shi. Shafinsa na nan yana talla har jiya da dare, ya canza suna kawai, farashin ya koma jika 30. In akwai wanda ya taɓa aika masa kuɗi daga Tawa, Ƙonni, Madawa ko Abalak, ya same ni ta saƙon sirri da takardarsa a hannu, an ce in mun yi yawa ƙarar za ta fi ƙarfi.