Iyakwandishan mai kashi biyu (na ciki da na waje), mai ƙarfin 1.5HP: sanyi ya yi, amma a kula da ruwansa

A zafin Afrilu na Birnin Kebbi, da ake haura digiri 40, wannan na'ura tana sanyaya ɗaki madaidaici ba tare da ƙara mai damuwa ba. Nan babu ƙorafi.

Inda masu saye ke rikicewa shi ne ruwan da take zubarwa da damina. Ba lalacewa ba ce. Iskar Agusta cike take da laima; idan ta ratsa ƙarfen ciki mai sanyin kusan digiri 10, tururin da ke cikinta sai ya koma ɗigon ruwa, kamar raɓar asuba a kan ganyen shinkafa a fadamar Argungu. Haka ma gajimare ke haɗuwa: rana ta ɗauke ruwan kogi, tururin ya hau sama ya huce, ya dawo ruwan sama. A rana mai laima na'urar kan tara kusan lita 1 a awa, da hunturu kuwa da ƙyar ta ɗiga.

Rauninta tiyon fitar da ruwa ne, siriri, mai saurin lanƙwashewa. Dole mai haɗawa ya ba shi gangare, aƙalla santimita 1 a kowace mita, ya kuma naɗe bututun gas ɗin sanyi da soson rufe bututu, in ba haka ba bango ya jiƙe, fenti ya kumbura. Ƙurar hunturu da ta tsallake rariyar tace iska kan zama taɓo ta toshe tiyon, don haka a wanke rariyar duk mako 2.

Ruwan ya dace da ban-ruwan shuka, ba na sha ba ne. Mai ɗaki ɗaya ya saya, in ya sami ƙwararren mai haɗawa.