Man 'ya'yan kusbara ko man ganyenta: wanne za a saya?

Wata 'yar'uwa ta ga kwalabe biyu a shago, dukkansu an rubuta Coriandrum sativum, ɗaya ɗauke da kalmar "seed" (man 'ya'ya), ɗaya "leaf" ko "cilantro" (man ganye). Tana tambayar wanne ya dace da shaƙa don samun natsuwa da daddare, da kuma tausa.

Hajiya, na 'ya'yan za ki ɗauka. Tsiro ɗaya ne, kusbara, wadda masu girki ke kira koriyanda, amma abin da ke cikin kwalaben ya sha bamban.

Man 'ya'yan ana samunsa ne idan aka daka busassun 'ya'ya, aka ratsa su da tururi, aka sanyaya tururin har man ya taso saman ruwa. Kilo 100 na 'ya'ya kan ba da kusan kilo ɗaya na mai, don haka babbar kwalba mai arha abar zargi ce. Kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari nasa sinadarin linalol ne, wanda ake samu a man furen lafanda ma. Ƙamshinsa mai ɗumi ne, da ɗan zaƙi da ɗan yaji-yaji, ba ya hawa kai. Linalol ɗin nan ake dangantawa da kwantar da hankali, sai dai yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi. Ki ɗauke shi a matsayin abin da ke taimaka wa jiki ya saki, kar ya maye gurbin likita idan rashin barci ya daɗe.

Man ganyen kuwa sinadaran aldehaid ne suka cika shi, irin su dekanal. Ƙamshinsa ɗanye ne mai kaifi, wasu ma sabulu suke ji. Ya fi saurin sa fata ja da ƙaiƙayi, kuma masu haɗa turare da masana'antun abinci ne suka fi buƙatarsa. A ɗakin barci ba shi da wani aiki.

Ga na'urar fesa ƙamshi, ɗigo 3 zuwa 5 na man 'ya'yan a ruwa mililita 100 ya isa, ki kunna minti 30 zuwa awa ɗaya ki kashe. Kar ki ɗiga shi kan garwashi kamar turaren wuta: yana kama wuta, ƙamshin kuma ya ƙone ya bar ƙauri. Ga tausar kafaɗa, gwiwa ko ciki mai kumburi, ɗigo 2 zuwa 4 a cokalin shayi biyu na man kwakwa, man riɗi ko zaitun. Fara shafa kaɗan a fatar hannu, ki jira kwana ɗaya ki ga ko za ta yi ja ko ƙaiƙayi.

Inda aka fi samun matsala shi ne ajiya. Linalol idan ya sha iska da zafi yakan canza ya koma sinadarin da ke tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi, sai mutum ya ga man da ya karɓe shi bara ya ƙi shi bana. Da zafin Maris da Afrilu abin ya fi sauri. Kwalbar gilas mai duhu, murfi a ɗaure tam, a firji in da hali, kuma a ƙarar da shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan buɗewa.

Akwai kuma kwalba ta uku da ke rikita mutane, wato man girki da aka jiƙa kusbara a ciki. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda. Tataccen mai, wato wanda aka fitar da tururi, zai bi iska cikin 'yan awanni, na jiƙo kuwa zai bar tabon maiƙo.

Man 'ya'yan da man ganyen duka biyun ba a sha, ba a shafa su zalla. Mai juna biyu da mai asma su tuntuɓi likita tukuna, a nisanta mayukan daga jarirai, kuma in akwai kyanwa a gida a bar mata ƙofa a buɗe lokacin da na'urar ke aiki, domin hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadaran da kyau.