Hattara da mai sayar da babur a Facebook da ke ɗura wa inji man giyar mota

Jama'a, Naira 720,000 wani bawan Allah ya karɓe mini a kan babur ɗin da injinsa ya riga ya gama aiki. Dubu 720. Na so in yi shiru saboda kunyar abin, sai jiya na ga ya sake ɗora wani babur da kalaman da ya yi mini sak, wai "na gida ne, mutum ɗaya ya hau shi." Ai kuwa ba zan yi shiru ba.

Kada wani ya zo yana ce mini ban san babur ba. Na yi acaɓa tun kafin a hana goyo a Kano a 2013, da Jincheng na fara, har na koma Boxer. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa babur yake nema, sabo ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa na nemi na hannu. Kuma na duba shi yadda ya kamata. Lambar inji da ta bodi sun dace da rasit. Na kwance fulogi, fes. Na taka kik na ji nauyinsa. Na ba shi wuta na tara hannu a bayan salansa, babu hayaƙi. Na hau na zaga, giya tana shiga lafiya. Na durƙusa na leƙa ƙasan inji, ko ɗigon mai babu. To me ya rage wanda mai hankali zai yi?

Abin da ya fi ci mini rai, tare muka yi sallar la'asar da mutumin nan, kafaɗa da kafaɗa. Muna fitowa ya dafa injin, carbi a ɗaya hannun, ya ce, "Malam, wallahi sifana ba ta taɓa hawa kan injin nan ba. Mu ba ma cin haram." Ya kalle ni ido cikin ido. Har yanzu ina jin muryarsa, "sifana ba ta taɓa hawa ba." A nan na tura masa dubu 720, yana jin alat ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Dillalin da ya tsaya mana ma na ba shi la'adarsa dubu 10.

Kafin nan ma, tun ina isowa na taɓa injin na ji da zafi, na kuma tambaya. Ya ce yanzu ya ɗauko yara daga Islamiyya. Wa zai ƙaryata dattijo a kan wannan? Ashe ɗumama shi ya yi don kada in ji kukansa da sanyi.

Na kai wa makanikina ne kawai don a yi juyen baƙin mai. Yana kwance noti, mai ya ƙi zubowa, sai ya dinga tsiyaya a hankali kamar zuma, ga wari. Ya lakato ya murza a yatsa ya nuna mini a rana, garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya ce, "Oga, wannan man giyar mota ne." Kaurinsa ne yake toshe tsakanin rin da bulok, hayaƙi ya ɓuya, ƙarar kwanektin ma ta kwanta. Fulogin kuma sabo ya ɗaura, ya wanke injin tas. Da aka zuba mai na gaskiya, ban kai Wudil ba hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayana, inji yana ƙwas-ƙwas, masu mota suna yi mini nuni. Aka sauke shi, sai ga jan gam a duk inda aka haɗa inji, alamar an taɓa kwance shi, rin ya cinye, bulok duk zane, kwanektin yana wasa. Injin da sifana ba ta taɓa hawa ba kenan!

Gyara Naira 140,000 aka yanka mini, a kan dubu 720. Kuma rabin kuɗin nan adashin mai ɗakina ne, ita ta ɗauka ta miƙo mini. A majalisa kullum sai an tambaye ni ina sabon babur, na rasa bakin amsawa.

Da na kira shi, farko ya ce yana Kaduna. A'a, kafin Kadunan ya fara ce mini, "Ai da hannunka ka gwada, ciniki ya faɗa." Daga baya ya toshe lambata. Dillali kuma wai shi ma a ranar ya fara ganinsa, alhali a gabana suke gaisawa har da tambayar iyali.

Ina da hoton tallar, da rasit ɗin tura kuɗi, da saƙon muryarsa yana rantsuwa, da bidiyon man yana tsiyaya. Maganar tana gaban mai unguwarsu, shi ya sa ban saka suna da fuska ba tukuna. In an zauna bai dawo mini da dubu 720 ɗina ba, duk zan zube su a nan.

Mai sayen babur na hannu, ka je da sassafe ka tayar da shi da sanyi, a juye mai a gabanka kafin ka biya, ka tafi da makanikinka. In ya ƙi, kama gabanka. Wanda kuma ya taɓa sayen babur a hannun mai wannan talla ta "na gida ne" ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina neman shaidu kafin ranar zaman.