Hayward Super Pump: famfon tafkin ninkaya da ake iya gyarawa da sifana biyu

Cikin famfunan da ake gani a tafkunan ninkaya na otal-otal da manyan gidaje, Hayward Super Pump ya daɗe yana cin kasuwa. Dalilin ba shi ne ya fi sauran ƙarfi ko rashin ƙara ba. Gyaransa ne mai sauƙi, kuma kowane ɓangare nasa ana sayar da shi daban. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun mutu, abin da ya kashe su ƙaramin ɓangare ne da kuɗinsa bai kai kusa da na sabon famfo ba.

Murfinsa mai kusurwa huɗu ne, ana ganin ciki ta cikinsa, kuma da hannu ake buɗe shi ta hanyar sassauta maɗauri biyu. Wannan kaɗai ya isa yabo, domin daga kallon murfin za ka san lafiyar famfon. Idan ruwa ya cika shi taf, lafiya lau. Idan kumfa na yawo a ƙarƙashinsa, iska na shiga ta ɓangaren zuƙa. Kafin a zargi famfon, a duba ko ruwan tafkin ya sauka ƙasa da tsakiyar bakin da ke zuƙar shi, abin da kan faru sosai a lokacin zafi. Sai robar murfi, mai lamba SPX1600S, da toshiya biyu na zubar da ruwa da ke jikinsa, da kuma mahaɗar bututu a bakin shiga. Ana shafa wa robar giris na silikon. Basilin kuwa a bar shi a ɗaki, kumbura roba yake yi.

Raunin famfon na gaske shi ne sil ɗin shaf, SPX1600Z2, wato abin da ke hana ruwa bin sandar da ke juya farfela zuwa cikin moto. Guda biyu ne: farin zobe na tangaran da ke zaune cikin faranti, da baƙin zobe mai sifirin da ke juyawa tare da farfela. Ruwan da famfon ke turawa shi ke sanyaya su. Mintuna kaɗan na aiki ba ruwa sun isa su ƙona fuskokin. Daga nan sai ɗigo ya fara tsakanin jikin famfo da moto, ɗigon da mutane ke rainawa. Ruwan mai sinadarin kulorin yana bin shaf har ya kai boris na gaba, ya wanke giris, tsatsa ta kama. Bayan wasu makonni sai a ji moto na kuka kamar injin niƙa. A lokacin aikin ya zama biyu.

Canjin sil ba ya wuce awa ɗaya ga wanda hannunsa ya saba. A kashe wuta daga babban makunni, ba daga na'urar lokaci ba, a rufe bawul na shiga da na fita. A kwance bolti huɗu da sifana mai lamba 9/16, a ja moto baya, a zare murfin da ke rufe farfela. Sai a buɗe bayan moto a riƙe shaf da sifana 7/16, a juya farfela hagu da hannu ta kwance. Kada a soka sukudireba cikin fikafikanta don neman ƙarfi, roba ce, tsagewa za ta yi. Wajen sa sabon sil, fuskar tangaran mai sheƙi ita ke kallon farfela, baƙin zoben kuma ya haɗu da ita fuska da fuska. Ba a taɓa fuskokin da yatsa, ba a shafa musu giris; ruwa mai ɗan sabulu ya isa a tura robar ta zauna. Masu sa shi a juye suna da yawa, kuma yoyon kan dawo tun ranar farko. Tunda an buɗe, a canza gasket na jiki, SPX1600T, da na murfin farfela, SPX1600R, a wuce wurin.

Idan moto na gurnani amma ba ya juyawa, a kashe shi nan take. A juya shaf da hannu ta baya. In ya ƙi motsi, ko dai boris ya kame ko tsakuwa ta maƙale a farfela. In yana juyawa sumul, kafasita ce ake fara zargi. A sauke cajinta kafin a taɓa, a kuma sayo mai lambobi daidai da waɗanda ke rubuce a jikinta. Boris ɗin da aka fi samu a ƙananan motocin shi ne 6203, wanda ba ya wuyar samu a kasuwar kayan inji, amma a karanta lambar tsohon kafin a tafi.

Akwai kuma yanayin da famfo ke aiki, ba kumfa, amma ruwa na fita da rauni kuma agogon matata, mai auna matsin ruwa, ya faɗi. Wannan toshewar farfela ce, galibi saboda kwandon da ke tare shara a ƙarƙashin murfi ya tsage ya bar ganye ya wuce. In agogon sama ya yi, laifin matata ne, ba famfo ba. Ƙurar hunturu kan cika ta da wuri.

Gargaɗi mafi muhimmanci ga mai saye a Najeriya ko Nijar shi ne ya duba allon da ke jikin moto. Wanda aka ƙera don Amurka na 60Hz ne, mai juyi 3450 a minti. Wutarmu 50Hz ce, don haka juyin zai sauka zuwa wajen 2850, ruwa ya ragu, moto kuma ya riƙa zafi yana yanke kansa. Ƙarancin wuta na ƙara dagula lamarin. A nemi samfurin 50Hz, a ba shi waya mai kauri da stabilaiza, a ɗora shi kan dakali inda iska ke ratsawa.

Abin da za a rage masa maki a kai: mai gudu ɗaya yana shan wuta fiye da sababbin famfuna masu sauya gudu, yana da ƙara, kuma ba shi da abin da zai kashe shi idan ruwa ya yanke. Ga tafki matsakaici inda samun kayan gyara ya fi komai muhimmanci, saye ne mai kyau, muddin an ajiye sil ɗaya da robar murfi ɗaya a ɗakin inji.